Yarinyar Nan

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma tun ranar da aka ga wata raina yake a ɓace. Yaran ajin da nake koyarwa sun sha faɗa ba gaira ba dalili, maigidana har ya tambaye ni ko wani ne ya taɓa ni. Babu wanda ya taɓa ni. Zafin ne na gane. Irin zafin nan da duwatsun Kazaure ke shanye rana tun hantsi, su yi ta amayo ta har bayan isha, ka dafa bango ka janye hannu. An ce sai an yi shekara talatin da 'yan kai azumi yake sake zagayowa wannan lokaci. To ya zagayo, ya same ni da raina, ya sami Inna ma da nata ran a ɗakin da na ware mata a gidana. Kuma har zuwa farkon azumin nan ban taɓa jin ta kira sunan 'yarta ta fari ba, ko da kuskure.

Abin da ya ƙara tunzura ni littafi ne. 'Yata ta fari, wadda ke karatu a kwaleji, ta zo hutu da wani littafi mai kauri a kan wata yunwa da aka yi a wata ƙasa mai nisa, ta ce lallai in karanta, wai sai na yi kuka. Na karanta. Littafi ne mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Mai rubutun ya bi gida-gida, ya faɗi wane ne ya mutu, wace ce ta sayar da tukunyarta, me aka dafa ranar da hatsi ya ƙare. Amma ban yi kuka ba, haushi na ji. Ga ni a Kazaure, a kan tabarma, ina kiran sunayen matattun wasu mutane da bakina, ina jin tausayinsu. Namu fa? Namu an ce a yi haƙuri, aka yi, aka naɗe tabarmin zaman makoki, shi ke nan. Da na faɗa wa yarinyar haka sai ta ce to in rubuta namun mana. Na ce mata me zan rubuta, mu da ko sunan cutar ba mu yarda mun kira ba.

Mu Fulani ne da muka zauna muka kama noma, a wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Fillancin ya kusa ƙarewa a bakinmu, amma kunyar tana nan daram. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. In ya zama dole ta yi maganarsa, sai ta ce yaron nan, ko yarinyar nan. Yayata ita ce 'yar farin Inna. Mu ƙanne Adda muke ce mata. Sunanta Rakiya, ni dai zan faɗa.

A shekarar da nake magana damina ta yi mana gardama. Ruwa ya sauka da wuri aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake shuka, ya dawo kamar da gaske, sannan ya ɗauke gaba ɗaya gero yana tsaka da fitar da kai. Abin da aka girbe ko rabin rumbu bai kai ba. Tun kafin sanyi ya wuce samarin gidanmu suka kora shanu kudu neman ciyawa, har da shanun huɗa, aka bar mana wata tsohuwar saniya mai ɗingishi wadda nononta ko ɗan maraƙinta ba ya isa. Fura ta koma ta ruwan tsamiya. A gidan Fulani wannan abin kunya ne da ba a faɗa, amma haka muka sha, muna lashe ludayi.

Ruwan sha ma ya zama aiki. Rijiyar gari ta ƙafe, guga ya sauka ya dawo da laka. Sai mata su haɗu su tafi ƙorama can bayan duwatsu, su tona yashi, su zauna jiran ruwa ya tsatso, a riƙa kwasa da ƙoƙo a hankali don kada ya gurɓace. Mace ta fita da sassafe, sai rana ta take za ta dawo da tulu ɗaya. Ƙasarin da aka wanke gero da shi na awaki ne. Alwala a kan kasko ake yi saboda kaji su samu.

A haka azumi ya shigo. Sahur ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka ba mai. Da rana ta ɗaga maza su yayyafa wa rigunansu ɗan ruwa su kwanta a gindin tsamiya, babu mai magana, sai ƙudaje. Mata ba su da wannan hutun. Surfe, daka, tankaɗe, jiƙa tsamiya, hura wuta a cikin wannan zafi, leɓe duk ya tsage. Ni ina 'yar shekara tara ko goma, ina azumin rabin yini ana yi mini dariya, amma ƙishin da nake ji na gaske ne.

Adda ce kaɗai a gidanmu ta wuce firamare. Tana makarantar kwana, aka rufe makarantar aka sallamo su gida saboda cutar da ta ɓulla. Ta dawo da akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin kayan makarantarta kuma littattafan labarai ne na Hausa, waɗansu aro, waɗansu musaya da ƙawaye, yawancinsu bangon ya tafi tuntuni saboda yawan hannu. Bayan azahar, lokacin da ƙishi ya fi cizo, sai ta zauna a rumfa ta buɗe ɗaya tana karanta wa mata masu daka. Kai, Adda ta iya karatu. In ta zo maganar namiji sai ta kumbura wuya ta yi muryar namiji, mata su saki taɓarya suna dariya da busasshen maƙogwaro. Maƙwabta suka fara mirgino turamensu zuwa gidanmu. Kakarmu Dada, uwar Baffa mahaifinmu, kullum sai ta yi mita wai ana shashanci da azumi a baki, amma kullum tabarmarta ƙara matsowa take yi.

Inna kuwa baya take juyawa. 'Yar fari ce ke karatu, ba za a ga ta saurara ba. Ba ta taɓa dariya ba, ba ta taɓa tambayar sai me ya faru ba. Amma ni da nake zaune kusa da turminta na lura, in labari ya zo wurin da ya ɗauki zafi, taɓaryarta sai ta rage gudu.

Wanda muka fi so labarin waɗansu 'yan'uwa biyu ne da suka gaji rijiya ɗaya suka yi ta rigima a kanta. Ana nan rijiyar ta buƙaci yasa, babu mai shiga sai ƙanen, babu mai riƙe igiya sai wan, alhali ba sa ga maciji da juna. Adda ta kai mu daidai inda ƙanen yake can ƙasa yana kira a jawo shi, wan yana tsaye a bakin rijiya da igiya a hannu, sai ta rufe littafi ta ce sai gobe. Mata suka yi mata ca. Ranar har aka sha ruwa ana gardama, masu cewa zai jawo shi da masu cewa zai saki.

Duk wannan ana yi ne cutar tana zagaya gari. Cutar sanƙarau ce, yanzu ina faɗa da baki buɗe, amma a lokacin ba a kiran sunanta, wai in ka kira za ta amsa. Sai dai a ce abar nan ta shiga gidan wane. Ciwon kai ne farko, da zazzaɓi, sai wuya ya sage, sai kai ya karye baya, kafin a yi wani abu mutum ya tafi. Makara ɗaya ce a masallacinmu, aka daina mayar da ita ma'ajiyarta. Masu haƙa kabari da azumi a bakinsu suke saran ƙasar da ta bushe ƙam, diga tana tsalle tana dawowa. Aka hana yara tashe. Amma gaisuwa ba ta canza ba. Ka haɗu da mutumin da ya binne ɗansa da safe, ka ce yaya gida, ya ce lafiya lau. Har yau ban manta da wannan lafiya lau ɗin ba.

A cikin kwanakin nan ne zazzaɓi ya kama ni. Ni kuwa raki ne da ni, ina ta kuka ina birgima, duk gidan babu wanda bai san Hansatu ba ta da lafiya ba. Adda ma kanta yana ciwo, amma ita ba ta faɗa. Ta ɗaure goshi tamau da ɗankwali, ta ƙi ajiye azumi. Ranar da ta kai mu bakin rijiyar nan, ɗaga littafin take yi zuwa saitin idonta maimakon ta sunkuya. Dada ta ce ai ga irinta nan, mutum ya wuni a duƙe kan takarda dole wuya ya riƙe, ga azumi ga rana. Kowa ya yarda da haka. Mutum ɗaya ce ba ta yarda ba, wadda ake ganin ba ta ma kallonta. Inna ta ga cewa in an kira Adda, da duk jikinta take juyowa.

Mota ɗaya ke bi ta ƙauyenmu zuwa Kazaure, wata tsohuwar a-kori-kura, da safe, kuma ba kullum ba. Washegari ranar zuwanta ce. Baffa yana zaure tare da ƙannensa. Babu ko ɗigon ruwa a gidan, mata suna ƙofa suna jiran Inna su tafi ƙorama. Ta zo wucewa da tulu a kai, ta tsaya daga bayan zana, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haihu.

"Malam, yarinyar nan a kai ta asibiti yau. Ban yarda da jikinta ba."

Baffa ya ce to. Ta wuce.

Bai tambaya wace yarinya ba. Ina dalilin tambaya? Tun da yake bai taɓa jin matarsa ta yi maganar 'yar fari ba, balle a gaban ƙannen miji. Tunda har ta buɗe baki, to Hansatu take nufi, ga ta can tana ta kuka tun jiya. Shi kansa kunyar Adda yake ji, ko haɗa ido ba sa yi. Da aka ji ƙugin mota ya shigo ya ce a shirya ni. Adda ce ta taso da ƙyar ta ɗaura mini ɗankwali, hannunta da zafi kamar an ɗauko dutse daga rana. Na fara kuka wai za a ƙarasa labarin rijiya ba na nan. Ta ce in yi shiru, ba za ta ci gaba ba sai na dawo.

Abin da na gani a asibiti ranar bai bar idona ba. Ɗakuna sun cika, an kwantar da mutane a gindin darbejiya, an kafa ƙusa a jikin itatuwa an rataye ledojin ƙarin ruwa. Uwaye suna fifita da bakin zane. Wani dattijo yana riƙe da kan ɗansa da hannu biyu yana ƙoƙarin miƙar da shi. Ma'aikatan idanunsu sun yi jawur don gajiya, su ma da azuminsu, suna tsallake ƙafafun mutane. Da layi ya zo kanmu, wata ma'aikaciya ta dafa ƙeyata ta danna haɓata zuwa ƙirji. Wuyana ya lanƙwasu ba gardama.

"Ba ita ba ce, Baba. Zazzaɓin sauro ne. Ku ɗauke ta daga nan kafin ta kwasa."

Baffa ya yi ta hamdala, har da ɗaga hannu sama. Ya saya mini mangwaro a bakin ƙofa. Babu motar komawa ranar, muka kwana a gidan wani ɗan'uwansa a cikin gari, aka ba ni shinkafa da mai, na ci na ƙoshi, na yi barci mai daɗi. Ina faɗar wannan ne don a san yadda na kwana a daren da Adda take can.

Abin da ya faru a gida, Goggo ƙanwar Baffa ce ta ba ni labarinsa bayan na girma. Inna ta dawo rana tsaka, ta shigo, ta ga Adda kwance a rumfa ta rufe ido da hannu. Dada ta ce mata an tafi da Hansatu kamar yadda ta ce. Goggo ta ce Inna ta tsaya cak da tulu a kai, ba ta sauke ba, ruwa yana tsiyaya ta wuyanta. Can ta ce, a hankali, ba ita take nufi ba. Dada ta ce to wa? Inna dai ta kalli rumfa. Dada ta ce haba, wannan ai karatu ne, da ta sha ruwa za ta ware. Kafin la'asar Adda ta fara amai, ba ta son haske, kanta ya soma karyewa baya. Aka shiga neman abin hawa. Amalanke yana nan, shanun ja suna kudu. Sai can ƙauyen gaba aka samo aron kurar jaki, ba a samu tashi ba sai wayewar gari.

Mu kuma da safen muka hau a-kori-kura muka kamo hanyar gida. Ina gefen Baffa, zazzaɓi ya sauka, ina riƙe da ragowar mangwaro ɗaya da na ɓoye wa Adda. Bayan mun bar kwalta muka cim ma wata kurar jaki, ƙanen Baffa yana tafiya a gefenta. Baffa ya buga jikin mota direba ya tsaya. Ni abin da na fara lura da shi, kurar ba Kazaure ta nufa ba. Gida ta nufa, kamar mu. An lulluɓe abin da ke ciki da zanen da na sani.

Inna ba ta yi kuka ba. Ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Ta zauna a bakin murhu ranar ta dama kunun buɗa-baki kamar kullum, ta zuba wa masu zaman makoki. Mata suka yi ta yabonta, wai wance akwai kunya, wance akwai dauriya, Bafulatanar asali. Wallahi na tsani yabon nan. Na tsane shi ina yarinya ban san dalili ba, na tsane shi yanzu da na sani.

Laifin kuwa aka ɗora wa littattafai. Dada ta ce su suka karya mata wuya, a fitar mata da su daga gida. Aka juye akwatin a bayan danga. Takarda ba ta rasa amfani a ƙauye. Waɗansu aka hura wuta da su, sauran wata maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ta kwashe, ita ma tana cikin masu mirgino turmi. Ana saura kwana kaɗan salla aka aike ni sayen ƙosai, ta naɗe mini a wani shafi. A hanya na ga sunan wan nan mai riƙe da igiya. Na tsuguna a gindin gawo na juye ƙosan a zanena, na yi ta ƙoƙarin haɗa baƙi, ni da a lokacin da ƙyar nake karatu. Mai ya riga ya ratsa takardar, rubutun gaba da na baya sun haɗe, ban iya fitar da ko layi ɗaya ba.

Masu allurar rigakafi sun zo daga baya, aka yi layi a ƙofar mai gari. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, cutar ta ɗauke kamar ba a yi ba. Aka fita shuka. Gidajen da suka rasa masu riƙe sungumi, maƙwabta suka taya su. Daga nan babu wanda ya ƙara tayar da maganar. Ban san mutum nawa ƙauyenmu ya binne ba, kuma babu wanda ya sani, don babu wanda ya tsaya ya rubuta. Baffa bai taɓa yi mini zancen ranar ba har ya rasu. Abu ɗaya dai ya canza a wurinsa: duk wanda ya kawo masa saƙo ya ce wane ko yaron can, sai ya tsare shi ya ce wa, faɗi sunansa. Mutane suka ɗauka kunnensa ne ya fara nauyi.

Ni kuma na zama mayyar littafi, kuma ba don son ilimi na fara ba. Ƙarshen labarin rijiya nake nema. Littafin ba shi da bango, ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta ba. Na tambayi masu baza littattafai a kasuwar Kazaure, na tambaya a Kano, waɗansu su yi dariya, waɗansu su miƙo mini wani daban su ce wannan ma da daɗi. Ina karɓa. A haka na karanta masu kyau da yawa, na karanta na banza da yawa, na kuma gane waɗanda nake kira masu kyau: waɗanda in mutum ya mutu a cikinsu ake gaya maka ko wane ne, da abin da yake cikin yi aka katse shi. Amma nawa ban same shi ba.

Da na haifi 'yata ta fari na ce Rakiya za a sa mata, kuma tun ranar suna nake kiranta da ƙarfi, a gida da waje. Matan danginmu suka ce boko ya ɓata ni, ba ni da ta ido. Ko a jikina. Inna kuwa sai na ƙara mata aiki, don yanzu jikar ma ba ta kiruwa. Takwara take ce mata. Sau ɗaya na taɓa tsare Inna, bayan ta dawo gidana da zama, na ce ta ba ni labarin Adda, ko yaya take tana jaririya. Ta ce kwana ne ya ƙare, ta ɗauki buta. Akwai tambayar da ta fi wannan da nake so in yi mata, ko in ta kalle ni wadda aka ɗauka bisa kuskure take gani. Ban taɓa iya yi ba.

Bana akwai famfon burtsatse a bakin layinmu, akwai ƙanƙara a leda, akwai fanka in an kawo wuta. Rediyo yana ta gargaɗi a kan sanƙarau, yana kiran sunanta ƙarara, a rage cunkoso a ɗaki, a garzaya asibiti. Jikokin Inna suna ƙorafin zafi da kofin ruwan sanyi yana jiransu a firji. 

Ana cikin goman tsakiya waɗansu 'yan'uwanmu mata suka zo daga Roni gaishe da Inna, dattijai, irin masu yabon nan na da. Suna zaune a tsakar gida bayan la'asar. Rakiya tun safe take kwance rub da ciki da littafin nan mai kauri, tana sake bin sa. Ina madafa ina soya ƙosai na ƙwala mata kira ta zo ta kai wa baƙi ƙarin tabarma. Ban ga yadda ta taso ba. Inna ce ta gani. An ce ta fito tana dafe da ƙeya, wata baƙuwa ta yi mata magana daga gefe, ta juyo da duk jikinta.

Sai na ji wata murya da ban sani ba, tsohuwa, a tsage.

"Rakiya!"

Na fito da matsami a hannu. Inna tana tsaye, ita da sai an kama ta take miƙewa. Baƙin nan duk sun sunkuyar da kai kamar an yi tsiraici a gabansu.

"Hansatu, Rakiya. Rakiya nake nufi. A kai ta yanzu."

Yarinyar tana cewa ba komai ba ne, kwanciya ce, Inna ko saurarenta ba ta yi ba. Ta riƙe mata wuyan hannu ta ja ta har ƙofa, ba takalmi. Da aka tsayar da adaidaita sahu ita ta fara shiga. Na ce ta zauna da baƙinta ni zan kai ta, ta kalle ni kallo ɗaya na ja bakina na shiga.

A asibiti babu kowa a gindin itace. Wata ma'aikaciya matashiya ta auna zafin jikin Rakiya, ta dafa ƙeyarta ta danna haɓarta zuwa ƙirji. Wuya ya lanƙwasu. Ta tambaye ta yadda ta wuni, da ta ji sai ta yi murmushi, ta ce a rage karatu a kwance. Sannan ta juya wurin Inna, don ta ga ita ce hankalinta ya fi tashi.

"Kaka, ki kwantar da hankalinki. Ba ita ba ce."

Inna ta daɗe tana kallon fuskar jikarta. Sannan ta saki hannun.

"Na sani," in ji ta. "Waccan ba a kawo ta ba."

Ma'aikaciyar ba ta gane ba, ta ci gaba da rubutunta. Ni na gane, na kuma rasa inda zan sa idona. Shekara talatin da wani abu ina jiran sunan nan daga bakinta, na ɗauka ranar da na ji shi zan ji sanyi. Ban ji ba. Abin da na ji shi ne ashe bakin yana iya faɗa.

Muna hanyar gida aka kira magariba. Mai adaidaita ya tsaya ya buɗa baki, ya miƙo mana ruwan leda. Inna ta riƙe nata ba ta fasa ba. Tana kallon duwatsu ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Ke da kike ta karance-karancen nan. Mutumin nan na cikin rijiya, wan nasa ya jawo shi kuwa?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Da ƙarshen aka naɗe ƙosai."

Ta gyaɗa kai, ta fasa ledar ta sha. Washegari ta koma kiran 'yata Takwara.